Ƙafar Jirgin Hasan

Ranar kasuwar da ta wuce ɗana ya sa aka tono uwar maƙera daga inda kakana ya kafa ta, aka jingine ta a bayan zaure, don injin sudur ya samu wuri, wanda mutanen ƙetaren iyaka ke ce wa walda. Ban hana ba. Hannuna ya daɗe da gajiya da masaɓa, kuma manoman yanzu ba mai haƙurin zama ya jira a hura gawayi, ƙarfe ya yi ja, a buga, a mayar wuta, a sake bugawa. Suna son a ɗiga wuta shuɗiya a kan hauya su biya su tafi. Amma tun daga ranar safiya ta canza mini. Nakan fito bayan salla in zauna a bakin ƙofa, kunnena yana neman wani abu da babu shi, sai gurnanin inji da hayaniyar babura masu zuwa Ɗan Isa. A irin wannan zaman ne abubuwan da na ɗauka sun shuɗe suke dawowa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na kira su ba.

A zamanin samartakata, ko makaho ya san lokaci a Madarumfa, don kowace sa'a da irin ƙararta. Kafin gari ya waye sarai za ka ji taɓare na amsa wa juna daga gida zuwa gida, wata na jefa nata sama ta tafa kafin ya dawo. Sai gugar rijiya, sai kukan jakuna masu zuwa ɗibar ruwa, sai masunta suna buga gora a bakin tabki suna kiran juna. Bayan su duka mu muke shigowa. Zugazugi ya fara numfashi, fuf-faf, fuf-faf, sannan masaɓa ta faɗa kan uwar maƙera, ƙarar ta ratsa unguwa har bakin kasuwa. Tsofaffin mata sukan ce in ba su ji bugun maƙera ba, kokonsu ba ya yi musu daɗi. Gawayinmu na ƙirya ne, mu muke zuwa daji wajen Gabi mu sare, mu binne, mu ƙone, mu ɗauko a kan jaki. Yanzu ka yi yini kana tafiya ba ka ga ƙirya guda a tsaye ba. Ƙarfe kuwa ba a yar da shi. Tsohuwar hauya takan zama lauje, lauje ya zama wuƙa, wuƙa ta zama basilla, har sai abin da ya rage bai kai a kama da awartaki ba.

Mahaifina ya rasu ina sabon ango, sai maƙerar ta dawo hannuna. Ƙanensa, Baffa, shi ne Sarkin Maƙeran gari, kuma shi ke duba aikina. Mutum ne mai tsoron hukuma, don ya ga zamanin aikin dole, ya ga yadda ake ɗaure mutum kan abin da bai kai ya kawo ba. Kullum faɗarsa gare ni ita ce in tsaya kan hauya da gatari, abin da na gada, kada in yarda wani mai wando ya ja ni cikin aikin da ba a yi da kakana ba. Inna kuwa, da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. «Kai wanga,» shi ke nan. In ta ji daɗina ƙwarai sai ta ce «Maƙeri», ta kau da kai.

Shekarar da nake son in ba da labarinta damina ta yi kyau irin wadda ake daɗewa ba a gani ba. Gero ya fi mutum da hannunsa a miƙe, ya fid da kai, ya zubar da bununi, ya fara ido. Gulbi ya cika ya tumbatsa har ya yanke hanyar Maraɗi, babu kamiyo, wato babbar motar kaya, da ke wucewa. Ana cikin murna sai jan baki ya sauka. Wanda bai ga jan baki na wancan lokaci ba, ba zai gane ba. Tsuntsu ne da bai kai babban yatsa biyu ba, amma in sun taso daga kurmin bagaruwar da ke bayan tabki sai ka ce hadari ne ya haɗo, har inuwarsu takan rufe gona. Gari duka ya koma gona. An kafa rumfuna masu tsawo, an ja igiyoyi da gwangwanaye da fasassun ƙorai, mata na ihu, maza na wurga majajjawa, tun fitowar rana har faɗuwarta. Muryoyi suka dushe. Ka kore su nan su sauka can, ka juya ka tarar da zangarniya ta zama fari fat, ba ƙwaya. Ni da ba na rasa aiki na rufe maƙera na tafi tsaro, don ba mai neman magirbi alhali bai san ko zai yi girbi ba.

Da muka kai kuka, hukuma ta turo ƙaramin jirgi mai fesa magani. Kwana biyu muna ganinsa da la'asar, rawaya, yana zuwa daga wajen Maraɗi ya yi ƙasa-ƙasa kan kurmi. A rana ta uku ya shiga tsakiyar garken tsuntsu. Muna gona muka ji injin ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru. Jirgin ya karkato ya wuce saman kanmu ba ƙara, sai iska kawai ke busawa a fikafikansa, ya sauka a wata saura kusa da gonakinmu. Ya yi gudu kaɗan, ƙafarsa ta hagu ta faɗa ramin gafiya, ya juya ya durƙusa ya kafa fiffike ɗaya a ƙasa. Muka ruga, amma da muka kusa kowa ya ja birki. Ƙofa ta buɗe, wani Bature ya fito, gajere, kakkaura, gashinsa ya yi furfura, yana ɗingishi. Bai ko dube mu ba. Ya zagaya jirgin, ya tsuguna wajen ƙafar, ya daɗe yana kallo, sannan ya shafa jikin jirgin kamar yadda ake shafa doki in ya firgita.

Aka aika aka kira Baba Kafaran, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙi a ƙasashen Turawa, shi ne mai jin faransanci a unguwarmu. Ya zo da lambobinsa a ƙirji, don ba ya fuskantar Bature ba su. Suka yi magana, sai muka ga Baba Kafaran ya saki baki.

«Jama'a, wanga ba Bafaranshe ba ne,» in ji shi. «Wai daga wata ƙasa yake, Yugoslabiya. Kuma wai sunansa Hasan.»

Aka yi ta dariya, an ɗauka wasa ne. Wata tsohuwa ta ce a tambaye shi ina ya baro Husaininsa. Da aka fassara masa shi ma ya yi dariya, ya ce shi kaɗai aka haifa, a ƙasarsu ba sai tagwaye ake sa wa sunan ba. Inna ta aiko da fura a sabuwar ƙwarya. Ya zauna a inuwar fiffike, ya karɓa da hannu biyu, muka ji da kunnenmu ya ce bismillahi kafin ya kai baki. Daga wannan lokaci ya tashi daga Bature ya koma baƙo.

Injin bai dame shi ba, ya ce gashin tsuntsu ne ya toshe shi, zai share da kansa. Ƙafar ce matsala. Wani ƙarfe mai lanƙwasa da ke riƙe taya ya karye gida biyu. Su-firefe, babban jami'in hukuma na yankinmu, ya buga waya, aka ce sai an aiko da sabo daga Yamai, kuma ko ya iso Maraɗi sai gulbi ya janye. Aƙalla sati uku. Kowa ya san abin da sati uku ke nufi: ba za a tarar da ko abin yin tumu ba. Hasan ya ɗauki guntayen ƙarfen biyu ya ce a kai shi wurin maƙeri.

Wurin Baffa aka fara kai shi, kamar yadda ya dace. Baffa ya juya ƙarfen, ya ƙwanƙwasa, ya mayar masa. Da maraice ya kira ni zaurensa.

«Na san wurinka za su zo,» ya ce. «Kada ka taɓa. In hauya ta karye, mai ita ya dawo ya zage ka, shi ke nan. In wanga abu ya karye, mutum za ya mutu, kuma Bature. Jandarmomi ba za su tambayi gulbi ba, ba za su tambayi tsuntsu ba, kai za su tambaya. Kana da mata, kana da tsohuwa.»

«Baffa, in ba a yi ba, mi za mu ci?»

«Allah na nan.»

Ba a ja da Baffa, sai na tashi. Na shiga gida na tarar da Inna tana tankaɗe. Ashe ta riga ta ji. Ba ta ɗago ba ta ce, «Kai wanga, ka iya ko ba ka iya ba?» Na ce ban sani ba, ban taɓa yi ba. Ta ce, «To je ka duba. In ka ga ba ka iyawa, ka faɗa masa da bakinka. Baffanka ka bar ni da shi.» Ban san abin da ta gaya wa Baffa ba. Na dai san washegari da na buɗe maƙera na tarar da buhun gawayinsa, wanda yake ɓoyo don aikin takobi, an ajiye mini a bakin ƙofa.

Haɗa karyayyen ba zai yiwu ba, ni da Hasan duk mun yarda da haka. Sai dai a ƙera sabo. A bayan kasuwa akwai wata matacciyar kamiyo da ta shekara tana ruɓewa, muka je muka kwance ɗaya daga cikin faifan ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta a ƙasa. Da muka dawo na waiga in nemi wanda zai yi mini zuga, sai na ga Hasan ya tuɓe takalma ya zauna a ƙasa, ya kama bakin zugazugin da hannu biyu. Na zaci zai yi ta fama. Bugu uku ya yi ya gane numfashin fatar, wuta ta miƙe. Baba Kafaran, da ya kafa kujerarsa a gefe don fassara, ya tambaye shi inda ya koya. Ya ce ubansa maƙeri ne, mai yi wa dawaki takalmi a wani ƙauye cikin duwatsu, kuma a bakin wuta ya girma.

Kwana uku muka yi a kan ƙarfen nan, kuma a cikinsu na ji labarin da har yau nake juya shi. Yana zuga yana magana, Baba Kafaran na juyawa, wani lokaci yana ƙara nasa gishirin. Hasan ya ce yana saurayi kamar ni Jamusawa da abokansu suka mamaye ƙasarsu. Lokacin shi makaniken jirgi ne a wani sansani da ya faɗa hannun masu yi wa baƙin aiki. Mutanen da suka ƙi miƙa wuya sun hau duwatsu sun shiga dazuzzuka, manoma da malaman lakwal, wato makarantar boko, da mata da ɗalibai, ba su da komai sai bindigogin da suka ƙwace. Wata safiya shi da wani matuƙi, wanda yake kira maigidana, suka ce za su gwada wani tsohon jirgi da suka gyara. Suka tashi, ba su dawo ba. Suka sauka a wata makiyaya a yankin ƴan dajin. Ya ce da mutanen suka ga jirgi ya sauko sai suka watse cikin itatuwa, don ba su taɓa ganin jirgin da bai zo kashe su ba. Da suka gane nasu ne, wani dattijo ya rungume farfelar yana kuka.

Jirgin, in ji shi, katako ne da zane, kamar laima. Da rana sukan tura shi ƙarƙashin itatuwa su lulluɓe da rassa, su kafa na ƙarya da kara a wani fili don abokan gaba su ɓata bama-bamansu a kai. Mai kuwa da kwalba ake tara musu shi. Bam ba su da shi, sai da shi da wani maƙerin ƙauye suka yanyanka bututun ruwa suka cika da albarushi suka toshe. Yana zaune a kujerar baya da su a cinya, in maigidansa ya ɗaga hannu sai shi ya jefa da hannunsa, kamar mai jifan kare. Baba Kafaran ya ajiye fassara ya ce wannan ƙarya ce, shi ya ga jiragen yaƙi, ba haka ake yi ba. Hasan ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna masa inda harsashi ya shiga ta ƙasan jirgi ya fita ta gwiwarsa. Baba Kafaran ya buɗe rigarsa ya nuna nasa tabon. Suka dubi juna, suka fashe da dariya, har wuta ta kusa mutuwa sai da na yi musu tsawa.

Amma abin da ya fi son faɗi ba jifan ba ne. Ya ce daga baya aikinsu ya koma kwasar masu rauni. Mayaƙan ba sa barin nasu a baya, sukan ɗauke su a kan makara su yi ta yawo da su cikin duwatsu da ƙanƙara. Da aka samu manyan jirage masu iya ƙetare teku da su zuwa asibiti, sai ya zama babu filin sauka. Matan ƙauyuka ne ke yin filin, don maza na bakin daga. Su tsince duwatsu da hannu, su cike ramuka, su tattake da ƙafa. Wani lokaci hatsi ne a tsaye bai nuna ba, su yanke shi ɗanye. Jirgi ya sauka, a loda, ya tashi, kafin rana ta yi tsaka abokan gaba sun zo sun farfasa wurin, su kuma su koma wani kwari su sake. Na tambaya ta bakin Baba Kafaran ina maigidan nasa. Ya ce ya tashi wata rana shi kaɗai, lokacin Hasan na kwance da gwiwa, bai dawo ba. Bayan haka ya yi ta zuga har azahar.

Salla kam ba ya yi. In mun tashi yakan zauna ya tsare wuta. Baba Kafaran ya matsa masa, sai Hasan ya ce tsohuwarsa ba ta taɓa barin salla ba, ita ta koya masa Fatiha, amma tun ranar da ya koma ƙauyensu bayan yaƙi ya tarar da toka bai sake ba. Ya karanta mana Fatihar, da wani irin lafazi mai nauyi, amma ba kuskure ko ɗaya. Aka kai wa liman na lokacin magana, ya ce a ƙyale baƙo ya sha furarsa, wanda ya riƙe masa Fatiha shekara talatin bai manta da shi ba.

Ƙarfen farko da na ƙera ya tsage wurin huda. Na biyu na ba shi ruwa, wato na tsoma shi da zafinsa, ya yi tauri fiye da kima, Hasan ya ɗora shi kan duwatsu biyu ya yi tsalle a kai, ya ɓalle kamar rake. Kunya ta kama ni, na ce a gaya masa na kasa. Ya ce ba ruwa za mu ba shi ba, mai za mu ba shi, kuma mu mayar da shi wuta kaɗan har ya yi launin wuyan kurciya. Inna ta ba da man gyaɗarta tulu guda. Launin kuwa ni na gane shi, don idona ya fi nasa sanin wutar ƙirya. Na uku muka hau mu uku, har da Baba Kafaran, ya lanƙwasa ya dawo. Shi muka ɗaura a ƙafar jirgin.

Saura fili. Saurar da jirgin ya sauka ta yi gajarta, kuma inda ta ƙare nan gamanar Inna ta fara, ƴar gonar gyaɗar da take nomawa don kanta, wadda da ita take sayen zane da gishiri da abin biki shekara duka. Gyaɗar na bukatar sati uku nan gaba. Ba wanda ya iya buɗe baki ya tambaye ta. Ni ma da safe na yi ta kewaye-kewaye a tsakar gida, har ta gaji ta ɗauki kwashe ta fita. Muka bi ta, ni da Hasan da Baba Kafaran. Ashe labarin matan ƙasarsu ya riga ya kai kunnenta. Ta tsaya a bakin gonar ta dubi jirgin, ta ce wa Baba Kafaran, «Tambaye shi, matan can nasu hatsi suka yanke ko na maƙwabta?» Hasan ya ce nasu. Ta sunkuya ta tumɓuke tushen farko, ƴaƴan farare, ba su yi ƙwari ba, ta karkaɗe ta jefa gefe. Kafin hantsi matan unguwa sun cika gonar. Suka tumɓuke, suka baje kunyoyi, suka jera kafaɗa da kafaɗa suna tattakawa suna waƙar daɓe, kamar ana daɓen ɗakin amarya. Hasan ya tsaya yana kallo, hularsa a hannu. Sai ya juya ya shiga ƙarƙashin jirgi ya daɗe yana ɗaure abin da ya riga ya ɗaure.

Da komai ya kammala Hasan ya cire tankin magani daga kujerar baya, ya nuna ni, ya nuna kujerar. Na ja da baya. Baba Kafaran ya ce, «Wai dokar maigidansa ce. Wanda ya gyara shi ke hawa baya. Wai ba don ya tsorata ka ba ne, girmamawa ce. In ba ka so, babu laihi.» Na dubi Baffa, wanda ya zo ya tsaya nesa. Na ɗauka zai hana. Ya matso, ya tsuguna ya ƙwanƙwasa ƙarfen da zobensa, ya saurara. Ya miƙe ya ce, «Aikin gidanmu ne. Hau.»

Ba zan iya cewa na ji daɗin tashin ba. Ƙara ta cika mini kai, jirgin ya yi ta tsalle a kan gonar Inna, kowane tsalle ina jin sa a haƙorana, idona na kan ƙafar hagu tana lanƙwasawa tana dawowa. Sai tsallen ya tsaya. Na leƙa na ga kukar bakin gona tana wucewa a ƙarƙashinmu. Tabkin da nake ɗauka ba shi da iyaka ya koma kamar faranti, masunta a kan gorunansu kamar ƙudaje a bakin ƙwarya. Na ga gidanmu, na ga hayaƙin wutar maƙerata da na manta ban kashe ba, na ga mata a fili sun ɗaga zannuwa. Na ga gulbi ya bazu cikin fadama, ja, ya haɗiye hanya. Kuma na ga gonaki, daga nan har inda ido ya ƙare, wajen garin Sarkin Yamma da bayansa, da tabon fari-fari inda tsuntsu ya ci. Sai a lokacin na san ba geronmu kaɗai ke rataye a kan ƙarfen nan ba. Hasan ya waigo ya yi mini wata magana da ƙarfi cikin harshensu. Ban ji ba, na dai gyaɗa kai.

Sauka ita ce jarrabawar, ya riga ya gaya mini. Da filin jirgin Maraɗi, inda muka nufa, ya taso mana na rufe ido na kama salati. Na ji dum, na ji wani dum, sannan gurgurar taya a kan tsakuwa. Da muka tsaya na fito na zauna a ƙasa. Hasan ya duba ƙafar jirgin, ya zo ya zauna kusa da ni. Babu Baba Kafaran, babu mai fassara. Ya kama hannuna na dama, ya juya tafin, ya dubi kantar masaɓa, ya buɗe nasa ya ajiye kusa da shi. Mun daɗe a haka.

A ƙasa na koma gida, na ƙetare gulbi a kan gora. Washegari da la'asar jirgin ya dawo kan kurmi, da jibi, da gata. Ba zan ɓoye ba, maganin nan bai bar balbela da sauran tsuntsayen ruwa ba, kuma masunta sun yi gunaguni. Amma mun yi girbi. Da aka ɗaure damma, kowane gida a unguwa ya aiko wa Inna da nasa, har rumbunta ya kasa ɗauka. Ranar da Hasan ya gama aiki ya biyo ta saman unguwarmu ƙasa-ƙasa, ya karkata fiffike hagu, ya karkata dama, ya miƙe gabas. Ban ƙara ganinsa ba. An ce an mayar da shi wajen tabkin Cadi.

Shekaru da yawa bayan haka, ina da furfura ni ma, Inna da Baffa da Baba Kafaran duk sun rigaye mu, na ji a rediyo ana yaƙi a ƙasarsu. Wannan karon ba baƙi ba ne, su da su ne, waɗanda iyayensu suka ɗauki makara ɗaya cikin duwatsu. Kullum sai an ambaci garuruwan da aka ƙone. Na lissafa na ga in yana raye ya tsufa ƙwarai, ba ya iya gudu da wannan gwiwar. Abin ya hana ni sukuni. Ran wata Juma'a na sa aka yi waina, na kai ƙofar masallaci, na roƙi liman ya sa baƙona cikin addu'a, ko yana raye ko ya mutu. Limamin yaro ne a kaina, yana ɗan ƙarami lokacin da jirgin ya sauka.

«Baba, mi ne sunansa?»

«Hasan.»

«Hasan ɗan wa?»

Kwana uku muna gaban wuta ɗaya, na san inda harsashi ya shige shi, na san abin da ya tarar a ƙauyensu, amma ban taɓa tambayar sunan ubansa ba.

«Ɗan maƙeri ne,» na ce.

Liman ya ɗaga hannuwansa. «Ya isa,» ya ce. Sahu duka aka ɗaga tare da shi.